Cukun Asabar

A babban kantin da ke kusa da tashar bas, can ciki bayan layin gwangwanaye, akwai kantar cuku, kuma shekara goma sha tara ke nan mutum ɗaya ne ke tsaye a bayanta. Ma'aikata da masu saye duk Mai Cuku suke ce masa, har ta kai idan aka kira sunansa na gaskiya sai ya waiga ya ga da wa ake. Siriri ne, kullum cikin farar rigar aiki mai guga, kuma magana tana masa tsada. Sannu, nawa za a yanka, a sauka lafiya. Idan ka samu fiye da haka a bakinsa, to ranar da ƙafar dama ka fito.

Abin alfaharinsa a duniya ɗaya ne: ya san bakin kowa. Tun mutum yana ƙofa ya riga ya ɗauki wuƙa. Tsohuwar malamar makaranta cuku mai tauri take so, wanda ya shekara biyu a ajiye, a yanka mata siriri har ana hango haske ta cikinsa, ta ci da tuffa. Direban motar asibiti mai laushi yake saye, na shafawa a burodi, domin a cikin mota yake cin abincinsa a gaggauce. Akwai wani lauya mai tumbi da ba ya wuce mai shuɗin jijiya, mai warin nan da ke sa yara toshe hanci, da zuma yake ci, kuma a baranda, saboda matarsa ta rantse abin ba zai ƙara shigar mata falo ba. Akwai tela da ɓawon kawai yake nema, ya jefa a romo. Mai Cuku bai taɓa rubuta ko ɗaya ba, bai kuma taɓa ba wani na wani ba.

Yana da 'ya ɗaya, shekararta goma sha uku. Tana shekara huɗu aurensa da uwarta ya mutu, ba duka ba zagi. Matar ta ce ta gaji da zama da mutumin da sai ta yi tambaya uku kafin ta samu amsa ɗaya, shi kuwa ko a nan bai ce komai ba, wanda hakan ya ƙara tabbatar mata. Ta tafi da yarinyar, daga baya ta auri wani injiniya. Abin da ya rage wa Mai Cuku shi ne Asabar, daga ƙarfe goma na safe zuwa huɗu na yamma, a ɗakinsa da ke hawa na biyu a wani tsohon bene. A gindin matakalar benen wata mai ayaba ke kasa kayanta, ita ce ma ke fara gaishe da yarinyar idan an sauke ta.

Asabar ɗin nan tsarinta bai taɓa canzawa ba. Da ta shigo ta ajiye jakarta, zai ce, “Mamana, zauna,” ya kunna gas, ya ɗora kasko. Burodi yanka biyu, cuku mai ramuka a tsakiya, irin mai narkewa ya yi zare. Da gangan yake barin gefen ya zubo cikin kasko ya soyu ya yi ƙanzo, domin tun tana shekara huɗu ƙanzon take fara ɓantara, tana hura yatsu. To a nan ne wani abin mamaki ke faruwa. Muddin ya juya mata baya yana fuskantar kasko, bakinsa buɗewa yake. Ya ba ta labarin lauya da matarsa, har da kwaikwayon muryarsa mai kauri. Ya gaya mata yadda malamar makaranta ke duba yankan a fitila kamar mai neman kuskure a littafin ɗalibi. Yarinyar ta yi ta dariya a bayansa. Da an kashe gas an zauna, shirun ya dawo mazauninsa. Ta cinye nata tas, ta buɗe littattafan makaranta, shi ya jawo dutsen guga ya kama rigunan aiki, har motar uwarta ta yi hon a ƙasa. A ganinsa babu uban da ya fi shi sanin 'yarsa.

Sai aka yi wa injiniyan canjin wurin aiki zuwa wata ƙasa mai nisa. Jirginsu ranar Lahadi da safe zai tashi, Asabar ɗin gabanta ita ce ta ƙarshe. Mai Cuku bai yi gardama ba, da wane baki? Abin da ya iya shi ya yi. Ya zaɓi mafi kyau a cikin masu ramukan, ya keɓe shi tun sati biyu a ƙasan firijin kanti, kullum da safe ya duba shi ya danna da yatsa.

Ranar Juma'a da rana yana goge sikeli, ya ɗaga kai ya ga uwar yarinyar tsaye a gaban gilashi. Shekara tara ba ta taka kantin ba. Suka gaisa gaisuwar mutanen da suka taɓa sanin juna. Ta ce gobe da ƙarfe uku za ta zo ɗaukar yarinyar maimakon huɗu, akwai sauran haɗa kaya. Ya ce to. Ta juya za ta tafi, sai kuma ta dawo, tana murza igiyar jakarta.

“Baban yarinya, don Allah gobe kada ka ba ta cuku. Jibi jirgi za mu hau, ba na so ta tashi da ciwon ciki.”

Ya ce ai ba ta taɓa ciwon ciki a wurinsa ba.

“A wurinka ba ta yi. Sai mun isa gida.”

Ta yi masa bayani a tsaye, murya ƙasa-ƙasa, domin akwai mai jira a bayanta. Tun yarinyar tana shekara goma cikinta ya daina karɓar madara da duk abin da aka yi da ita, likita ya gwada ya tabbatar. A gida ko a shayi ba ta sha. Amma duk Asabar sai ta dawo ta dunƙule a kan gado, Lahadi kuma ta wuni a kwance. Uwar ta sha ɗaukar waya za ta kira shi, yarinyar ta yi kuka ta ce idan aka gaya masa ba za ta yafe ba. Yau ma ba ta san an zo ba.

Shekara uku. Mai Cuku ya tsaya da tsumma a hannu. Mai jiran, ashe direban motar asibiti ne, ya matso ya yi sallama, ya jira a miƙo masa nasa kamar kullum. Mai Cuku ya dube shi ya tambaye shi wanne za a ba shi. Direban ya yi dariya, ya zaci wasa ne.

Kunya ce ta fara kama shi, sannan baƙin ciki ya biyo baya ya zauna. Ya san abin da matar lauya ba ta so a falonta, bai san abin da ke murɗa cikin 'yarsa ba. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha. Da aka tashi aiki ya ɗauko cukun da ya keɓe ya sa a cikin jakarsa, ya ɗauki kwando ya shiga layukan kantin da ya shekara goma sha tara yana ratsawa, da niyyar saya mata abin da take so. A nan ya gane bai san ko ɗaya ba. Ya tsaya gaban biskit, ya koma gaban lemo, ya dawo. Ƙarshe ya yi abin da mai laifi ke yi, ya kwashi komai: kaza, ƙwai, tuffa, inabi, gyaɗa, taliya, biskit kala uku. Mai karɓar kuɗi ta tambaye shi ko baƙi zai yi, ya ce mutum ɗaya ce.

Ranar Asabar ƙarfe goma ta shigo. Ta yi tsawo, ya lura, ta kusa kafaɗarsa, kuma bai san yaushe hakan ta faru ba. Ta ajiye jaka. Ta dubi teburin da ya cika har ba wurin ɗora hannu, ta dubi gas, ba kasko a kai. Idonta ya kawo ruwa.

“Mama ta gaya maka.”

Ya ce ta zauna. Suka zauna, kaza a tsakaninsu tana hucewa. Ta ɗauki inabi ɗaya don kada ya ji ba daɗi, shi ma ya gane don haka ta ɗauka. Agogon bango, wanda bai taɓa jin ƙararsa ba, ya cika ɗakin. Ya buɗe baki ya tambaye ta makaranta, ta ce lafiya. Ya tambaya ko an gama haɗa kaya, ta ce saura kaɗan. Daga nan kayan hirarsa suka ƙare. Sai da aka jima ya iya fitar da tambayar da ya kwana da ita.

“Mamana, shekara uku kina ciwo saboda ni. Me ya hana ki faɗa min?”

Ta daɗe tana juya inabin a yatsunta.

“Baba, idan kana gasawa ne kawai kake min hira.”

Ba da fushi ta faɗa ba, da ma fushin ne da ya fi masa sauƙi. Ta ce ciwon kwana ɗaya ne, yana wucewa. Ta ce duk sati tana jiran ta ji abin da lauya ya yi, har ƙawayenta na makaranta sun san shi. Ta ce ta ji tsoron idan babu kasko, haka za su zauna daga goma zuwa huɗu, kamar yadda suke zaune yanzu.

Sannan ta roƙe shi ya gasa, shi ya ci, ita ta saurara. Ya tashi ya ciro cukun da ya yi sati biyu yana lallaɓawa, ya ɗora kasko, ya juya mata baya kamar kullum. Cukun ya narke yadda ya kamata, ya zubo gefe ya fara ƙanzo. Ya soma labarin lauya, wai matar ta kama shi ya ɓoye ƙunshin a cikin aljihun kwat. Ya kai tsakiya, ya zo inda zai kwaikwayi muryar, sai muryarsa ta ƙi fita. Ya tsaya riƙe da cokali, kafaɗunsa suna rawa, hawaye na zuba a kan rigar da ya goge. Bai ji tasowarta ba, sai hannunta ya gani ya kashe gas ɗin, domin burodin ya ƙone. Ta jingina goshinta a bayansa, suka tsaya a haka cikin hayaƙi.

Bayan nan ya yi ƙoƙari, Allah ya sani ya yi. Ya zauna yana kallon fuskarta ya ƙarasa mata labarin, a daddatse, ba daɗi, ta yi dariya duk da haka. Ya tambaye ta sunayen ƙawayen da suka san lauya, ta faɗa, ya maimaita. Ashe tana cikin masu tseren gudu a makaranta, ashe ta taɓa zuwa ta biyu. Hirar shekara tara ce yake son ya cusa a cikin 'yan awoyin da suka rage, ba ta kuwa shiga. Ƙarfe uku daidai aka yi hon.

Ya riƙe mata jaka suka sauko. A gindin matakala, motar na jira a tsallaken titi, ya tuna tambayar da ta fi kowace sauƙi, wadda yake wa baƙon da ya fara zuwa kantarsa.

“Mamana, me kika fi so? A abinci.”

“Ayaba, Baba. Wadda ta nuna sosai, ta yi ɗigo-ɗigo baƙi.”

Ga mai ayaba nan zaune, taku biyu daga inda suke tsaye, inda take zama tun kafin yarinyar ta iya hawa matakalar da kanta. Ya durƙusa gaban farantin yana juya nonon ayaba ɗaya bayan ɗaya. Duk sabon kawowa ne, da sauran kore a jikinsu. Mai ayabar ta ce nunannun sun ƙare tun safe, amma waɗannan idan ya ajiye kwana uku za su yi yadda ake so. Aka ƙara hon. Yarinyar ta ce ba komai Baba, ta rungume shi da sauri, ta karɓi jakarta ta tsallaka. Ta bayan gilashi ta yi ta ɗaga masa hannu har motar ta sha kwana.

Ya sayi ayabar duk da haka. Ya hau da ita, ya ture kayan teburin gefe, ya ajiye ta a gaban kujerar da yarinyar ke zama a kai. Lahadi ya wanke kaskon ya kife shi a saman kabad. Litinin ya koma aiki, ya yanka wa malamar makaranta nata siriri, ta duba a fitila ta ce ya yi.

Ranar Talata da ya dawo, ayabar ta yi ɗigo-ɗigo baƙi, daidai yadda take so.