Likkafanin Aro

"A'a, Bilatus, ba haka ake wanke hannu ba! Kai mai mulki ne, ba tuwo aka ajiye maka ba. Sannu-sannu, kana kallon jama'a."

Muryar Malama Rifkatu ce ta ƙetaro katanga, ta iske Tabawa tsaye bisa turmin da ta kife, haɓarta a kan bango, tana leƙen gidan maƙwabciyarta. Tasar da yaron da ke fitowa a matsayin Gwamna Bilatus ke wanke hannu a ciki ma tata ce, aro aka yi.

Malama Rifkatu mutuniyar Zuru ce. Aikin asibiti ya kawo mijinta Gummi, ya rasu, ita kuwa ta zauna tana koyarwa a firamare har ta ajiye aiki. Shekara goma sha ɗaya ke nan katanga ɗaya ta raba ta da Tabawa. Kowace bazara, idan Kirista suka shiga azuminsu na kwana arba'in kafin sallarsu ta Ista, sai ta tara yaran cocinsu a gindin dogonyaron gidanta, 'ya'yan 'yan sanda da na malaman makaranta, tana koya musu wasan kwaikwayon da za su yi ranar sallar. Tana da akwatin ƙarfe guda da ba mai taɓa shi sai ita. Daga cikinsa take fito da wani tsohon bargo da hotunan da ta yanka da almakashi, ta manna su a jikin bargon ɗaya bayan ɗaya tana ba da labari. Daga ciki kuma hulunan sojoji ke fitowa, ƙore ne aka lulluɓe da takardar kwalin taba mai ƙyalli, sai wani kambi da ta saƙa da ƙayar aduwa.

Tabawa kuwa, Allah ya yi ta da son sanin abu. Shekarar farko da ta ga baƙi a goshin Malama wata Laraba, gefen zaninta ta kama za ta goge mata, tana cewa tukunya ta shafe ta. Sai da aka yi mata bayani cewa toka ce, ta kabar da suka ɗaga a coci bara aka ƙona, da ita suke buɗe azumi. Shi kansa azumin bai taɓa shiga kanta ba.

"Wane irin azumi na wanga, ana shan ruwa da rana tsaka?"

"Irin wanda ake barin abin da rai ya fi so. Ni nama na bari, da goro."

"Da kin bar tsegumi da ya fi lada."

"Wannan ai ke na bar wa."

Amma abin da ya fi tsaya wa Tabawa a rai shi ne ƙarshen wasan. A gida kullum wuri ɗaya ake tsayawa. Yara su ɗauko wanda aka ce an kashe, su naɗe shi da tsohon zani, su sa shi bayan zana biyu da aka jingina a matsayin kogo, su mirgino wani ƙaton faifai a madadin dutse su rufe bakin. Daga nan sai Malama ta tafa hannu ta ce kowa ya tafi gida. Sauran, a coci kaɗai take koya shi, ranar Asabar ta jajibiri, ƙofa a rufe.

Ranar nan ma da yaran suka watse, Tabawa ta yi magana ta saman katanga.

"Mu dai a wurinmu Annabi Isa ba a kashe shi ba, sama anka ɗauke shi."

"To mu ma a wurinmu bai zauna cikin ramin ba."

"Shi nika tambaya. Ƙaƙa kuka nuna shi? Igiya kuka ɗaura ma yaron ku ja shi bisa?"

Malama ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Tarin nan tun damina yake cinta, ya mai da ita kamar kara, a bana ma a zaune kan tabarma take koyarwa, bayanta jingine da itace.

"Ki zo coci ki gani."

"Ni? Da hurhurata?"

"To bari, bana zan gaya miki. Ranar Asabar, in na dawo."

Ba ta kai Asabar ɗin ba. Ranar Litinin ta kasa fitowa tsakar gida. Tabawa ta yanka kazarta ta yi mata romo, ta kai da kanta. Malama ta shaƙi ƙamshin, ta lumshe ido, ta ture kwanon.

"Saura kwana shida, Tabawa. Ki ajiye mini cinya."

"Mara lahiya ba ya azumi, ko a wurinku na san haka na."

"An yafe mini. Ni ce ban yafe wa kaina ba."

Kunu kawai ta kurɓa. Ta zaro maɓallin akwatin daga wuyanta, ta damƙa wa Tabawa, ta ce idan Katikis Ishaya, mai jagorantar cocin nasu, ya dawo daga ƙauyukan Bukkuyum a ba shi, kada yara su rasa kayan wasa. Ranar Laraba da hantsi, Tabawa tana yi mata fifita, ta ga ƙirjin ya daina ɗagawa. Ta jima riƙe da maficin kafin ta ajiye. Ta rufe mata ido, ta ɗaure mata haɓa da ɗankwali, sannan ta fita ta kira mutane.

Kun san zafin Gummi a watan huɗu, ba ya jiran kowa. Ɗan Malama guda soja ne a can kudu, ko waya aka buga ba zai iso ba. Aka tura mai babur ya nemo Katikis, kafinta ya hau haɗa akwatin gawa. Matan coci da ke kusa su biyu ne rak, Liyatu matar wani kofur da aka kawo garin wata uku da suka wuce, da ƙanwarta. Suka tsaya a bakin ƙofa suna kuka, ba wadda ta taɓa taɓa gawa. Tabawa kuwa rabin matan unguwar da suka riga mu gidan gaskiya ita ta wanke su.

"Ku shigo, ɗiyana. Addu'arku taku ta, ku yi abinku. Ni hannu kawai za ni nuna muku."

Suka wanke ta tsaf. Liyatu ta ce su a al'adarsu da tufafi masu kyau suke sa mamaci. Aka duba ɗakin, kayan da ke kan igiya duk sun koɗe. Sai Tabawa ta tuna da maɓallin da ke ƙugunta. Ta buɗe akwatin ƙarfen, ta ɗaga bargo, ta ɗaga hotuna da hulunan ƙwarya. A can ƙasa ta samu atamfa ɗinkakkiya, a ƙarƙashinta kuma wani ƙunshi cikin takarda, an barbaɗa masa busasshen ganyen dogonyaro saboda asu. Ta warware. Farin alawayyo ne fes, babba ɗaya da ƙarami ɗaya, an ninke kowanne daban.

Nan ne hawayen Tabawa suka zubo. Kowace tsohuwa mai hankali a garin tana da irin wannan ƙunshi a ƙasan akwatinta. Ita ma tana da nata.

"Ashe ta shirya. Shekara goma sha ɗaya muna zuba, ba ta taɓa hwaɗa min ta aje likkahwaninta ba."

Suka sa mata atamfar, suka naɗe ta da babban ƙyallen, ƙaramin suka rufe mata kai. Katikis ya iso bayan azahar, ƙura har gira, ya iske an riga an rufe akwatin gawa. Kafin la'asar sakaliya an kai ta maƙabartarsu ta bayan gari, kusa da mijinta.

Ranar Asabar da rana Katikis ya yi sallama a zauren su Tabawa. Ya gaishe ta a durƙushe, ya yi godiya, sannan ya sosa ƙeya.

"Inna, na duba akwatin Malama, komai na nan sai abu ɗaya. Ko kin ga wani farin ƙyalle, babba da ƙarami?"

"Likkahwaninta? Ai da shi munka rufe ta."

 Katikis ya zauna daɓas a kan dakali.

"Inna, na wasa ne. Shi ne ƙarshen wasan gaba ɗaya. Shekara ashirin tana ajiyarsa, ba ta bari ya taɓa ƙasa, shi ya sa ba a fito da shi a gida."

Tabawa ta dafe kai. Matar nan da numfashinta na ƙarshe kayan wasan nan ta damƙa mata, ita kuwa ta ɗauki mafi daraja a ciki ta tura rami.

"Kada ki damu, Inna," in ji Katikis. "Wataƙila ma haka ya fi dacewa da ita. Za mu shimfiɗa zanin gadon matata."

"Wane? Mai huranni ja da nika gani a shanya?"

"Shi."

"Gawa cikin huranni, awa amarya? Jira ni nan."

Ta shiga ɗaki ta jawo akwatinta daga ƙarƙashin gado. 'Yarta Saudatu, wadda ta zo wankan jego, tana zaune tana ba jariri nono. Da ta ga ƙunshin da uwar ta ciro sai ta miƙe tsaye. Likkafanin nan yayan Tabawa ne ya kawo mata daga Makka shekarar da ya sauke farali, an tsoma shi a ruwan zamzam, ya bushe a can. Yayan ya rasu, babu mai sake kawo wani.

"Inna, mi za ki yi da shi?"

"Aro za ni badawa."

"Aron likkahwani? A coci? Mi mutane za su ce?"

"Su ce Tabawa ta binne kayan mutane ta maida."

"In Allah ya yi ikonsa kanki kahin a maido hwa?"

"Sai ku aika a amso. Cocin a Gusau yake?"

Bakinta ne kawai ke da ƙarfi. Ta ware babban ƙyalle ɗaya da kallabi daga cikin ƙyallaye biyar na likkafanin. Ta kai wa Katikis, amma ba ta saki ba sai da ta kafa sharaɗi: ba a yanka, ba a ɗinka, ba a kwantar da kowa a ciki.

"Ba mai kwanciya a ciki, Inna. Ai shi ne maganar."

Ba ta gane ba, kuma ba ta tambaya ba.

Ranar Lahadi da safe ta yafa mayafi ta ce wa Saudatu za ta je gadin kayanta. Cocin ɗan ginin ƙasa ne mai rufin kwano a gefen barikin 'yan sanda. Ba ta shiga ba. Ta tsaya a waje ta jikin taga, inda inuwa ta faɗo, ta sa ido.

Duk abin da ta sani ya wuce a gabanta. Bilatus ya wanke hannu a tasarta, sannu-sannu, yana kallon jama'a. Sojoji suka yi ta muzurai, hular ɗaya ta faɗi ta gangara, ba wanda ya yi dariya. Aka sa mutum bayan zana, aka mirgina faifai. Tabawa ta saurari tafin da ke sallamar yara, ta tuna mai tafin ba ta nan.

Sai ga 'yan mata uku sun taso daga bayan coci, kawunansu a lulluɓe, kowacce da 'yar kwalbar turare. Suna tafe suna tambayar juna wa zai kawar musu da dutsen. Suka iso, suka tarar faifan ya riga ya koma gefe. Babbar cikinsu ta janye zanar gaba ɗaya don kowa ya gani.

Tabawa ta ɗaga kai tana neman igiya a rufin. Babu igiya. Babu yaro. Benci ne kawai, a kansa ga likkafaninta a ninke, kallabin kuma an naɗe shi daban an ajiye wajen kai. Cocin ya yi tsit, har ana jin kwano na ƙara saboda rana. Yarinyar ta ɗauki ƙyallen da hannu biyu, ta juyo ta ce, "Ba ya nan."

Liyatu ce ta fara rangaɗa guɗa, sai ganga ta ɗauka. Gawar mata da Tabawa ta wanke sun fi ɗari, ta naɗe su da hannunta, ba ta taɓa ganin farin ƙyallen nan ya rage a doron ƙasa ba mai shi a ciki. Ta dafa bangon.

"Ke Rifkatu," ta ce a hankali. "Ashe abin da kinka ɓoye min ke nan."

Da yamma Katikis ya kawo kayan da kansa, tare da tasar da aka ara da kwanon shinkafa da naman sallarsu. Tabawa ta zauna a bakin gado ta duba ƙyallen lungu-lungu. Ba yanka, ba ɗinki. A kusurwa ɗaya kawai akwai sawun 'yan yatsu uku ƙanana, na jar ƙasa.

"Kawo in wanke miki, Inna," in ji Saudatu.

"Bar shi. Zamzam ɗin ka hita."

Ba ta warware ninkin ba. Ta ɗora babban a kan sauran ukun, ta ajiye kallabin a gefe yadda ta gan shi a kan benci. Sannan ta fita, ta hau turmin da har yanzu yake kife a jikin katanga, ta miƙa hannu ta tsinko ganye daga reshen dogonyaron da ya leƙo daga gidan Malama. Tsakar gidan a share take, tabarmar tana nan jingine da itacen. Ta ɗan tsaya tana kallo, sannan ta sauko a hankali, ganyen a tafin hannunta.