Asabar ɗin Anti Kwalba

Anti Kwalba ta tura ƙofar ofishin Shugaba da ƙafa, domin hannunta na dama yana riƙe da bokitin kwalabe, na hagu da murhun gas, takardar kuma a bakinta take. Ta dire kayan, ta goge takardar a jikin farar rigarta ta aiki, ta shimfiɗa masa a kan tebur.

"Ranka ya daɗe, jibi Litinin za a rufe karɓa. Sa hannunka kawai ya rage."

Shugaban makarantar, wanda yara suke kira Sai Gobe a bayan idonsa, ya dubi takardar kamar an kawo masa sammaci. Ba yau ya fara ganinta ba. Takardar izini ce ta shiga karatun malanta da ake yi ranakun Asabar, kuma wannan ne karo na uku da Anti take cike ta. Biyun farko a durowarsa suka tsufa.

A rubuce dai aikin Anti kula da ɗakin gwaje-gwaje ne: ta wanke kwalabe, ta auna sinadarai, ta jera wa malamai kaya a tire, ta kulle kabad. Amma shekara shida da suka wuce tsautsayi ya sa ta nuna wa wasu yara uku yadda ake kunna ɗan ƙwan fitila da lemon tsami, Shugaba kuma ya leƙo ta taga. Shi ke nan, kulob ɗin kimiyya ya haihu, ya kuma cinye mata kowace Asabar. Daga nan sai gasar kacici-kacici, sai makon kimiyya, sai lambun makaranta. Har lasifikar taro idan ta shaƙe ita ake aikawa a kira, wai ai duk kimiyya ce.

"To, Malama," in ji Shugaba, yana murza biro, "kin san ba na ƙin ci gaban kowa. Amma kulob ɗin nan fa?"

"Malam Alli, malamin kimiyya, ya ce zai karɓa. A gabanka ya faɗa."

"Faɗa daban, iyawa daban. Ga abin da za mu yi. Yau ranar baje kolin kimiyya ce, iyaye sun cika zaure. Ki je ki zauna a cikinsu, kada ki taɓa ko cokali. In Malam ya kai mu ƙarshe lafiya, na sa miki hannu kafin in tafi gida. In kuwa sai da ke, to kin ga ba laifina ba ne."

Anti ta ce ta yarda, a ranta kuwa dariya take yi. Tun ƙarfe bakwai na safe ta gama auna komai. Kowane gwaji yana tirensa, kowane tire da ɗan katin da ta rubuta yadda za a yi, da manyan baƙaƙe. Ko jariri aka ba wa zai kai labari.

Ta cire farar rigar, ta rataye, ta ji jikinta wani iri. A layi na uku ta tarar da maigidanta, mai gyaran firji, ya rufe shago ya zo da 'yan biyunsu, kowacce a cinya ɗaya.

"Ikon Allah," ya ce da ta zauna. "Yara, ku kalla da kyau. Ga mamanku a zaune ranar Asabar."

"Ka rufa min baki, Baban 'yan biyu. Bari in ga abin da ake yi."

"Ai ni na zo gadi ne. Kika motsa, na riƙe gyale."

Malam Alli ya hau dandamali cikin sabuwar farar riga, layin guga bai ko karye ba. Mutumin kirki ne, Allah ya sani, kuma a gaban allo ba a kama ƙafarsa. Sai dai shekara goma sha biyu yana shigowa ɗakin gwaji yana tarar da komai a jere, har ya zama a ganinsa sinadarai a kan tire suke tsirowa.

Abubuwa suka fara lafiya lau. Yara suka hura balan-balan da ruwan tsami da hodar gashin burodi. Ruwan kabeji ya koma ja, ya koma kore, wata tsohuwa a gaba ta ce a'uzubillahi. Anti ta fara sakin jiki, har ta karɓi alewa a hannun 'yarta.

Sai aka zo na ƙarshe, wanda kowa ya zo dominsa. Yara suna kiransa aman kwalba. Doguwar kwalba ce da aka zuba wa haidurojin irin na wanke ciwo, da sabulun ruwa, da shuɗiyar kala. In aka kwaɓa yis ɗin burodi da ruwa aka juye a ciki, kumfa za ta yi tsiri sama har ta zubo. 'Yan mata huɗu na aji uku ne suke da shi, wata biyu suna maimaitawa. Jagorarsu wata siririya ce mai tabarau da ake kira Tsinke, wadda ta yi shekara guda a kulob kafin a ji muryarta.

Malam ya ɗauki katin Anti, ya karanta, ya yi murmushi irin na wanda ya ga kuskure a jarrabawa. Ya raɗa wa masinja magana. Ba a jima ba sai ga masinja da butar shayin ɗakin malamai, tana huci.

Anti ta kafa wa butar ido. Ruwan ɗumi ta rubuta. Har layi ta ja a ƙarƙashi.

"Jama'a," Malam ya ce a lasifika, "ƙa'ida ce a kimiyya, zafi yana hanzarta aiki. Yau za mu ba ku kumfar da ba ku taɓa gani ba!"

A littafi gaskiyarsa ne. Amma yis abu ne mai rai, kuma duk matar da ta taɓa kwaɓa fulawa ta san tafasasshen ruwa kashe shi yake yi. Tsinke ta buɗe baki, ta dubi Malam, ta dubi taron, ta rufe. Malam ya tsiyaya ruwan yana tururi, ya dama, ya ɗaga kofi sama.

"Mu ƙirga tare! Uku! Biyu! Ɗaya!"

Ya juye. Zaure ya yi tsit. Wata 'yar kumfa ta leƙo daga ƙasan kwalbar, ta ga jama'a, ta koma ta kwanta.

Wani a baya ya ce, "To, ko sai an tura ta ne?" Dariya ta ɓarke. Malam ya girgiza kwalbar, ya leƙa ta, ya sake karanta katin, gumi yana bin wuyan sabuwar rigarsa. 'Yan matan huɗu suka sunkuyar da kai. Ƙaramarsu har ta fara goge ido da bayan hannu.

Anti ba ta san ta miƙe ba sai da ta ji an ja gyalenta.

"Zauna, Maman 'yan biyu."

"Sakar ni! Ba ka ga yarana ba? Minti biyu ne kawai, akwai wani yis ɗin a durowa!"

"Minti biyun nan shekara guda ce. Dubi can."

Ta duba. Shugaba ya juyo daga kujerar gaba, ba kwalbar yake kallo ba, ita yake kallo, fuskarsa fal annuri. Wallahi mutumin nan daɗi yake ji. Anti ta tsaya tsakanin tsaye da zaune, zuciyarta tana tafasa. Tana son karatun nan kamar ranta. Ta gaji da wanke wa wasu kwalabe, ta gaji da a ce mata Malama don ladabi kawai. Amma kunyar yaran nan kamar tata take jin ta. Ta koma ta zauna, ta tura hannuwanta biyu ƙarƙashin cinyoyinta, ta danne, ta ji ta tsani kanta.

Daga dandamali Tsinke ta ɗago ta nemo ta da ido. Anti ba ta gyaɗa kai ba, ba ta girgiza ba. Suka kalli juna na ɗan lokaci. Sai yarinyar ta gyara tabarau, ta sauka, ta fita da gudu.

"Ka gani ko? Ta gudu," Anti ta ce. "Na kashe wa yarinya gwiwa."

Ba a yi minti ɗaya ba sai ga Tsinke ta dawo tana haki, da ƙullin yis a hannu ɗaya, kofin ruwan famfo a ɗaya. Duk ɗan kulob ya san Anti ba ta ajiye abu ɗaya, komai bibbiyu ne, na biyun a durowar hagu ta ɗakin gwaji. Yarinyar ta ce, "Malam, don Allah ara min butar." Ta surka ruwan, ta ɗiga a wuyan hannunta, ta yamutsa fuska, ta ƙara na sanyi, ta sake ɗigawa. Haka Anti take yi, yadda take gwada ruwan wankan 'yan biyu, kuma ba ta taɓa rubuta wannan a kati ba.

Yayin da yis yake jiƙa, Tsinke ta jawo lasifika. "Iyayenmu, Malam ya fara nuna muku abin da ke faruwa in aka kashe yis. Yanzu ga mai rai."

"Haka ne! Haka ne!" in ji Malam Alli da sauri, kamar wanda aka tsamo daga rijiya.

Ta juye. Kumfa shuɗiya ta taso ta yi tsiri, ta zubo a tebur, ta malalo kan takalman Malam. Zaure ya kaure da tafi da ihu. Tsohuwar nan ta gaba ta kwashe jakarta ta koma layi na biyu. 'Yan biyu suna tsalle a cinyar ubansu, Anti kuwa hawaye take yi tana dariya, hannuwanta har sun yi tsami.

Bayan an watse, Shugaba ya sa hannu a tsaye, a bakin zaure, ya ɗora takardar a kan cinyarsa.

"Kai, Malam ya horar da yaran nan," ya ce. "Ashe abin ma ba wuya. Da na sani ai da tuntuni na sallame ki."

Maganar ta soke ta, ba kaɗan ba. Asabar ɗin shekara shida ke nan aka dunƙule mata a ba wuya. Amsoshi uku suka zo mata baki, kowacce ta fi 'yar'uwarta zafi. Ta haɗiye su, ta ninke takardar, ta ce ta gode.

Sun kai bakin ƙofar makaranta sai ga Malam Alli yana bin su, takalmansa suna fitar da shuɗin ruwa.

"Anti! Anti, don Allah!" Ya rage murya. "Ni dai na san wanda ya yi aikin nan. Ki taimaka, Asabar mai zuwa ki leƙo ko na awa ɗaya ne."

"Ina da aji, Malam."

"To yanzu fa? Zaure duk kumfa, kwalabe sun fi hamsin. Ina ake ajiye bokiti da tsumma?"

Ƙafarta ta dama har ta juya da kanta. Ta tsayar da ita. Ta saɓa 'yar biyu ɗaya a kafaɗa, ta zaro makullan ɗakin gwaji daga jaka, ta sa masa a tafin hannu.

"Tambayi yaran, Malam. Sun sani."