Shirun da Suka Yanke wa Ɗana

Ni Mulikatu mai ƙosai a unguwar Nyohini ban yi allo ba balle boko, amma kunnena ba na aro ba ne.

Ɗana Abdul-Mumin shi ke jan baƙi a tafsirin malaminmu Afa Masahudu: ya karanta aya, Afa ya fassara. Bayan sallar bara mota ta taka shi a hanyar Sagnarigu, ya rasu. Bana azumi ya kama, masallaci suka riƙa saka karatunsa da aka naɗa a lasifika bayan la'asar. Ina suya, mamaci yana karatu a kaina. Na haƙura.

Sai aka zo labarin Annabi Yakubu, inda yake kukan ɗansa da ya ɓata. Nan na sani. Kullum a nan muryar yarona ke tsinkewa, ya ja harafin har numfashi ya ƙare, ya yi shiru, ya haɗiye yawu, sannan ya ci gaba. Na ajiye matsami ina jira. Karatu ya wuce sumul, kamar ba a rasa kowa ba.

Ƙosai na ƙonewa na tafi ƙofar masallaci.

“Wa ya taɓa muryar ɗana?”

Imurana mai kula da na'ura ya fito. “Mma, gyara na yi. Akwai wajen da ya tsaya, na cire.”

“Uwarka ce ta haife shi da za ka gyara shi? Mayar!”

“Na goge na farkon, Mma.”

Afa ya fito yana ba ni haƙuri, wai ko harafi ɗaya ba a rage ba.

“Afa, haruffa naku ne, ku riƙe. Ni a shirun nan na san tsohon nan ɗansa yake nema. Shirun aka sace mini.”

Afa ya dubi Imurana. Ya ce gobe a maimaita wajen, Imurana ya tsayar da na'ura daidai nan.

Washegari na kashe wuta na zauna. Harafin ya miƙe, sai lasifika ta ɗauke. Unguwa ta yi tsit, har masu babur.

Na ji ya haɗiye yawu. Ba daga masallaci ba. Daga bayana, inda yake tsugunawa ya jira in zuba masa na buɗa baki.

Ban waiwaya ba. Na ce, “Ci gaba, ɗana.”