Gyaran Muryar Baba

Yayata irin mutanen nan ce da ba sa iya ganin datti su kau da kai. A asibiti take aiki, a sashen da ake dafa almakashi da sauran ƙarafan tiyata, kuma tun da ta kama aikin nan duniya gaba ɗaya ta koma mata ƙazanta. In ta zo hutu, kafin ta ajiye jaka ta riga ta shafa yatsa a kan talabijin ta duba. Ni ce auta. Ni nake zaune da Mama a hawa na biyu, ina ɗinkina a falo ina lura da ita, domin tun rasuwar Baba mantuwa ta kama ta. Wata rana ta kira ni da sunana, wata rana ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu tun ban zo duniya ba. Amma dokokin gidanta ko ɗaya ba ta manta ba.

Baba direba ne, motar ma'aikatan wani kamfani ya ja har ya tsufa. Da zai ajiye aiki suka ba shi injin gahawa, baƙi, da tankin ruwa a baya, butar gilashi a gaba, da ɗan kwandon da ake zuba garin a sama. Ya ɗauki son duniya ya ɗora wa injin nan. Ɗauraye butar kawai yake bari a yi, amma cikin injin kam ba mai taɓawa. In Mama ta yi magana sai ya ce daɗin yana cikin tsufan. Ga shi ruwan famfonmu mai nauyi ne, duk abin da aka tafasa shi a ciki sai ya bar farin ƙanzo a gindi. To ku ƙiyasta abin da ya taru a bututun injin da ya shekara da shekaru ba a wanke ba.

Baba mutum ne mai rowar magana. Da gyaran murya yake tafiyar da gida, kuma iri biyu gare shi. Na farko gajere ne, daga ƙirji yake fitowa da ɗan kakari, ma'anarsa na zauna, a kawo abin kari. Na biyu dogo ne, a bakin ƙofar fita yake yin sa yana kaɗa makullai, ma'anarsa ki fito mu tafi. Duk zamansu, Mama ba ta taɓa sa loma a baki da safe ba kafin ta ji na farkon. Mu muna yi mata tsiya, ita kuwa sai ta ce ku je ku yi naku auren mu gani.

Da ya rasu sai ta daina ci. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka, duk a banza. Wata safiya na kunna injin, don dai in ji ƙamshin nan na Baba a gidan. Ya ɗauki gurnani, ruwan ya maƙale a ciki, ya yi shiru, sai kuma ya yi kakari ya saki. Wallahi tsigar jikina sai da ta tashi. Gyaran muryar Baba ne sak, na farkon, har da ɗan haɗiyar yawun da yake yi a ƙarshe. Ina tsaye riƙe da cokali na ji Mama daga ɗaki ta ce, “To Malam, ga ni nan.”

Ta fito ta zauna, ta ci burodi da ƙwai, ta haɗiye magungunanta kamar ba ita ba.

Tun daga ranar haka muke yi. In kunna injin, ya yi gyaran murya, Mama ta amsa ta fito. In zuba kofi ɗaya in ajiye a gaban kujerar Baba. Wani lokaci in na zo ɗauka sai in ga kamar ya ragu. Na ce wa kaina tururi ne ya tafi da shi, ban kuma sake tsayawa dubawa ba. Ba na son abin, kada ku ɗauka ina so. Kullum da faɗuwar gaba nake danna maɓallin nan. Amma uwata tana ci, wannan ya ishe ni.

Na taɓa gaya wa Yaya a waya. Ta ce, “Allah sarki Mama,” ina jin ƙarar ƙarafa a gefenta, na san rabin kunne ta ba ni.

Ranar da abin ya faru Yaya ta zo hutu, na bar ta da Mama na fita kai wa wata mata ɗinkinta, na biya na sayo zare. Rana ta take na dawo. Tun daga matakala warin ruwan kal, mai tsamin nan da ke narkar da ƙanzo, ya bugi hancina. Na watsar da ledar zaren na ruga kicin.

Yaya ta sa safar hannu ta roba, ta naɗe hannun riga, fuskarta sai walƙiya take don jin daɗin aiki. Ta riga ta cika tankin, rabi ruwan kal rabi ruwa, ta kunna har rabinsa ya sauka, ta kashe ta bar shi ya jiƙa, ta sake kunnawa. Lokacin da na shigo ruwan ɗauraya take bi da shi. Kwandon garin yana cikin roba da kumfa, ta goge shi da tsohon buroshin haƙori. A cikin wata tasa kuma ga abin da ya fito daga cikin injin, ruwa gurɓatacce, da ɓarɓashi fari fari kwance a ƙasa kamar ɓawon ƙwai da aka murƙushe.

“Yaya, me kika yi?”

“Zo ki ga ƙazantar da kuke sha, Auta. Ke ko kunya ba kya ji?”

“Wa ya sa ki? Wa ya aike ki? Gidan nan kaf ba ki ga abin wankewa ba sai wannan?”

“Ke, ki iya bakinki, ni ba sa'arki ba ce. Bututun ya kusa toshewa gaba ɗaya. Wannan kakarin da yake yi, ruwa ne ke neman hanya. Da wata rana sai ya ƙone, ko ya tashi da wuta kuna ciki.”

Gaskiyarta ce, kuma gaskiyar ita ta fi ƙona mini rai. Na buɗe baki zan zazzaga mata abin da ke cikina sai na ga idonta ya wuce ni. Na waiwaya. Mama ce tsaye a ƙofar kicin, ta dafa bango, tana kallon tasar nan.

“Me kuke yi masa?”

Yaya ta sassauta murya. “Wanke shi nake yi, Mama.”

Mama ta daɗe tana kallon farin ɓarɓashin. Sannan ta ce, a hankali, kamar mai tuna wa yara abin da ya kamata su sani, “Ai an yi masa wanka. Ina nan aka yi. Ba a yi wa mutum sau biyu.”

Ta juya ta koma ɗaki. Yaya ta yi dariyar yaƙe, ta tuttular da tasar a magudana ta sakar mata famfo.

Washegari na zuba ruwa, na zuba gari, na danna maɓalli. Injin ya yi aikinsa sumul, ruwan ya sauka siririya babu ko tari, kafin in yanka burodi butar ta cika. Gahawar da ta fito ban taɓa shan mai daɗinta ba, kuma ban taɓa tsanar wani abu kamar yadda na tsane ta ba. Muka tsaya ni da Yaya muna sauraron ɗakin Mama. Shiru.

Na leƙa. Tana zaune a bakin gado, ta yi wanka ta ɗaura ɗankwali, hannuwanta a cinya.

“Mama, ga abin kari.”

“Bari dai ya zauna tukuna.”

Haka ta yini. Haka ta kwana, haka ta tashi. Ruwa kawai take kurɓa, shi ma sai an yi da gaske. Magani kuwa ta ce ba a sha da yunwa, abinci kuma ba a ci kafin mai gida. Duk ta inda ka ɓullo mata, dokar gidanta tana tsaye a wurin.

Babu abin da ba mu gwada ba. Na ɓuya a bayan ƙofar kicin na ƙaƙaro gyaran murya daga ƙirji har maƙogwarona ya yi zafi. Mama ta ɗaga murya daga ɗaki ta ce, “Auta, mura ce ta kama ki? Ki sha ruwan ɗumi.” Yaya ta tono wani tsohon bidiyo a wayarta inda Baba ya yi gyaran murya kafin ya yi wa jikansa addu'a, ta kunna a kicin da ƙarfi. Mama ta ce, “Wannan ai na da ne.” Likita ya zo ya sa mata ƙarin ruwa, ya ce a ci gaba da lallashi. Lallashin me? Mace tana narkewa a gabanmu, zobenta ya fara zamewa daga yatsa, wuyan rigar da na ɗinka mata daidai ya koma kamar na aro.

Yaya ta daina shafa yatsa a kan kaya. Ta daina barci sosai, ta daina kallona ido da ido. Na same ta wata rana da hantsi ta tsuguna a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ta kwance bututun magudana tana lalube a ciki da yatsa, ko za ta samu ragowar ɓarɓashin nan. Yayata mai ƙyanƙyami, hannunta dumu-dumu da baƙin datti, tana kuka ba sauti. Duk fushin da na tara mata sai ya zube. Na tsuguna na riƙe mata tocila. Ba mu samu komai ba.

Daga nan ta ɗauki injin ta kai wa mai gyaran kayan wuta na bakin layinmu. Ta dawo ta ce mutumin ya yi ta dariya, wai shi tun da yake sana'a, masu neman a buɗe toshiya yake gani, bai taɓa ganin mai neman a mayar da ita ba. Ya ce ƙanzon nan aikin shekaru ne, amma a bar masa injin ya gwada matse bututun ko zai yi kakari. Ta bar masa. Wurin da injin yake zama a kicin ya rage fili, sai shatin gindinsa a kan katako.

Safiyar da ta biyo, rana ta fito tarwai, yaran makaranta suna ta hayaniya a ƙasa. Muna kicin ni da Yaya, ina dafa ƙwan da na san ba za a ci ba. Sai muka ji shi.

Gyaran murya ne, dogo, daga bakin ƙofar fita. Bayansa kuma makullai suka yi ƙara.

Yaya ta damƙe mini hannu har farcenta ya shige ni. Ta ce, “Maƙwabci ne.” Maƙwabcinmu ya yi tafiya, ita ma ta sani. Makullan Baba kuwa suna cikin durowar keken ɗinkina, ni na ajiye su da hannuna. Ni dai abin da ya daskarar da ni daban ne. Duk tsawon zamanmu da injin nan, na farkon kawai yake yi. Bai taɓa yin na biyu ba.

“To Malam, ina zuwa,” in ji Mama.

Muryarta garau, irin wadda na rabu da ji. Muka fito da gudu. Babu kowa a bakin ƙofa, sakata tana nan a kulle yadda na bar ta. Mama ta fito daga ɗaki da ƙafarta, matar da jiya sai da muka riƙe ta mu biyu ta je banɗaki. Ta yafa mayafinta na fita unguwa, ta rataya jaka, har kwalli ta sa. Ta zo ta zauna a ɗan bencin da ke bakin ƙofa, ta jawo takalminta ƙafa ɗaya ta zura.

Na riga ta ɗauke ɗaya ƙafar. Na ɓoye a bayana kamar ƙaramar yarinya.

“Mama, ba inda za ki. Ki zo ki ci abinci tukuna. Don Allah, Mama.”

Ta dube ni, ta dubi Yaya, babu fushi ko kaɗan a fuskarta. Ta ce, “Da yana kicin yana jirana, ba ya gaggawa. Yanzu kuwa ba shi da wurin zama. Ai ba zai yi ta tsayuwa ba.”

Yaya ta zube a ƙasa ta kama mata ƙafa. “Mama ki yafe mini. Ban sani ba.”

“Me kika yi? Ke dai tun kina ƙarama akwai ki da tsafta. Allah ya yi miki albarka.” Ta shafa kanta, sannan ta miƙo mini hannu. “Auta, kawo takalmin.”

“Ba zan bayar ba.”

Makullan suka sake yin ƙara, dab da kunnena, har na ji iskar wani tsaye a gefena. Ƙamshin gahawa ya cika wurin, ta tsohon injin, mai ɗan ɗaci da ƙauri, wadda Yaya ta wanke ta zubar.

“Auta,” in ji Mama, da muryar da take kira na da ita in na yi laifi, “kada ki sa ubanki jira.”

Ban taɓa ƙin bin wannan muryar ba tun da aka haife ni. Na durƙusa, hawaye ya rufe mini ido, na kama ƙafarta, ba ta da nauyi ko kaɗan. Na zura mata takalmin, na gyara maɗaurin, na daɗe ina gyara shi don kada in ɗago. Hannunta yana kan kafaɗata, sai na ji ya zame.

Da na ɗago ta jingina da bango, mayafinta bai ko karkace ba, jakar tana kan cinyarta. Ƙamshin ya tafi. Daga kicin muna jin ruwan ƙwai yana ta tafasa.

Da yamma, gida cike da masu gaisuwar rasuwar Mama, mai gyara ya aiko a gaya mana ya dace, injin ya fara kakari, mu zo mu ɗauka. Har yau yana shagonsa.