Ganye a Kan Kwalta

Jiya bayan azahar ina kishingiɗe a inuwar tirelata a Tafa, barci ya sace ni, na yi wani mafarki da har yanzu nake jin daɗinsa.

Na tsinci kaina a wata ƙasa inda ake naɗe titi kamar tabarma idan an gama da shi. Tireloli suna tafiya ba kowa a ciki, su gaisa da juna da hon, su wuce. Ofishin sufuri kuwa awaki ne ke riƙe da shi. Shugabarsu, wata akuya mai tabarau, ta miƙo ƙafa.

"Barau, kawo makullin."

"Ranki ya daɗe, shekara ashirin da bakwai ina kan sitiyari."

"Na'ura ba ta gyangyaɗi, ba ta tsayawa cin tuwo. Ka raka tirelolin Kaduna yau, daga can ka wuce gida."

Raina ya ɓaci matuƙa, amma na miƙa mata makullin na bi. Tunda ba ni da mota, kujerar direba kaɗai aka ba ni, ita ma tana gudu a gefen ayarin. Ruwa yana tashi daga ƙasa zuwa sama, sai da na buɗe lema a ƙarƙashina.

Muna dosar wata kwana na hango ganye. Reshe uku, ɗanye shar, a jere kan kwalta. Duk wanda ya ci hanya ya san maganar: mota ta mutu a gaba.

Tirelar farko ta ce da muryar mace, "Hanya a buɗe take. Ciyawa ce."

Na ce, "Ciyawar gidanku!"

Na dira gabanta na ɗaga hannu. Tirela arba'in suka durƙusa kamar raƙuma. A bayan kwanar, tankar mai ce kwance tsakiyar titi tana munshari, wasu 'yan biki suna shanya zannuwa a jikinta.

Akuyar ta sauko daga sama da teburinta. "Wa ya turo maka saƙon? Babu shi a allonmu."

"Wani direba ne. Ban san shi ba, bai san ni ba. Haka muke yi wa juna."

Ta gyara tabarau, ta shinshina reshen, ta cinye shi tas. Sai a lokacin na gane abin da ya sa saƙonmu bai taɓa isa ofis ba.

Ta tofo makullina a tafin hannuna. Tirelolin suka jeru a gabana da allunansu, in koya musu ganye. Wallahi kaina ya kumbura. Abin da tsohon direba ya hango, na'ura ko ta hau tauraron ɗan adam ba za ta hango ba.

Ɗit, ɗit, ɗit.

Na'urar da kamfani ya liƙa a motata ce, wai lokacin hutuna ya ƙare. Na kakkaɓe riga na hau. Kafin in murɗa makulli na leƙa bayan kujera. Addar saran ganyena tana nan.