Tumbin Baban Humaira

Mijina mutum ne mai tumbi, kuma tumbin ba na ɓoyo ba ne. In zai shigo ɗaki, tumbin ke fara leƙowa, shi kuma ya biyo baya da sallama. Sunansa Abdussamadu, amma wannan a rubuce kawai nake iya faɗa, a baki Baban Humaira nake ce masa. Yana aiki a wata ma'aikata a Birnin Kebbi, aikin da ban taɓa ganin ya sa shi gumi ba. 'Yan kabu-kabu in ya tsayar da su, sai sun duba tayar baya kafin su ce ya hau.

Da ya fara shan ruwa kamar raƙumi, ƙafafunsa suna masa zugi, na matsa masa muka je asibiti. Likita ya ce suga ce, kuma in bai rage jiki ba, ƙafar ce za ta biya. Baban Humaira ya san inda wannan hanyar take kaiwa. Mahaifinsa, Baba Tamba, ƙaya ce kawai ta soke shi a fadamar shinkafa a Argungu. Mikin ya ƙi warkewa, aka yanke ƙafar, bai daɗe ba ya rasu. A hanyarmu ta komawa gida ya sa na yi masa alkawari ba zan gaya wa Inna, mahaifiyarsa, ba. Ya ce zuciyarta ba za ta ɗauka ba.

Maƙwabciyata Sara, 'yar Filato mai shagon kayan shayi, ita ma tana fama da sugar. Ta ba ni wani busasshen fure a leda, ta ce kamomil ne, a shagon magungunan Musulunci kuma babunaj suke ce masa.

"Amma Maman Humaira, kar ki ruɗi kanki," in ji ta. "Furen nan ba ya cin kitse. Ciki kawai yake kwantarwa, ya hana mutum neman lemon kwalba. Ki rage mishi tuwo, ya sha maganin likita, ya dinga takawa."

Haka muka yi. Babunaj safe da yamma ba sukari, yana sha yana yamutsa fuska kamar na ba shi maɗaci. Tuwo ya koma malmala ɗaya, zogale ya cika kwano. Ofis ma da ƙafa yake zuwa, 'yan kabu-kabu suka huta. Kafin damina ta fita, tumbi ya sauka, babbar riga ta koma rataye a jikinsa kamar a ƙusa. Na ji daɗi har raina, wallahi.

Sai dai a wurinmu, magidanci in ya rame, bayani biyu ne: ko an kore shi daga aiki, ko matarsa muguwa ce. Kowa kuwa ya san ba a kore shi ba.

Muka je Argungu bikin suna, ƙanwarsa ta haihu. Inna Balaraba tana tsakar gida tana gyaran kifi muka shiga. Baban Humaira ɗanta ne na fari, don haka tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta tambayarsa lafiya. "Wancan" take ce masa, ko yana zaune a gabanta. Ta saci kallonsa sau ɗaya, wuƙar ta tsaya a hannunta. Sai ta juyo kaina, tunda ni ba ta jin kunyata.

"Ke Sharihwa, shinkahwa ta ƙare Birnin Kabi?"

"A'a, Inna."

"To mi kika yi ma wancan? Na ba ki mutum, kin maido min sanda."

Na dubi sandar ko za ta yi magana. Sandar ta sunkuyar da kai tana wasa da carbi.

Ba a yi nisa ba sai ga Inna a Birnin Kebbi, wai ta zo ganin jikoki. Jikokin ne suka sa ta taho da buhun shinkafa, da man shanu, da galan ɗin zuma, da ƙullin hulba, wadda ake ba amare su yi ɓulɓul. Ta ƙwace madafi. Gidana ya zama fagen fama: ni in ba shi babunaj da safe, ita ta dama masa kunun hulba da zuma da hantsi. Shi kuwa bawan Allah duka yake sha. Nawa yana sha don tsoron likita, nata don ba a mayar wa uwa da kwano, kuma in za a faɗi gaskiya nata ya fi daɗi. Har lashe cokali na kama shi yana yi.

Na same shi a ɗaki na ce, "Ka hwaɗa mata, ko in hwaɗa."

"Ki yi haƙuri, kwana nawa za ta yi? Kin yi min alkawali."

Inna kuwa ba ta da niyyar tafiya sai ta ga tumbi ya dawo mazauninsa, kuma tumbin ya kama hanyar dawowa. In ta ga ledar babunaj sai ta ɗaga da yatsa biyu ta ce, "Haki! Ɗan mutane anka mai da tunkiya." Ina haɗiyewa, don suruka ba ta musu da uwar miji.

Wata ranar Asabar yana alwalar azahar a bakin famfo, na ga yana zagaye babban yatsansa na dama da ruwa, ba ya taɓawa. Na duƙa na duba. Takalmi ne ya goge shi tun tuni, ɗan ciwo kamar ƙwayar gero, amma ya ƙi bushewa, gefensa ya fara duhu. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Da ya idar da salla, Inna ta dire masa tuwon shinkafa malmala uku da miyar kifi, man shanu yana iyo a kai, ga kofin kunu a gefe. Ya wanke hannu ya yi bisimilla. Alkawarin da na ɗauka da kunyar surukuta duk suka fita daga kaina.

"Inna, ciwon Baba Tamba ag gare shi. Suga ta. Dubi yatsanai."

Ya zaro min ido. Ban kula shi ba, na janye ƙafar daga ƙarƙashin rigarsa. Inna ta dubi yatsan. Ta daɗe tana dubawa. Ita ce ta yi jinyar waccan ƙafar, ba sai an yi mata bayani ba.

"Audussamadu."

Lomar ta faɗi daga hannunsa. Ya waiga yana neman wanda ya yi kiran, don bai taɓa jin sunansa da wannan murya ba.

"Aje tuwon ga," ta ce, tana kallonsa cikin ido. Ta juyo wurina. "Ke, ina hakin nan naki?"

Na dafa na kawo. Ta kurɓa, ta ɓata fuska.

"Wanga ko tumaki sai da yunwa. Ba shi ya shanye, kuma ki kira mai keke napep mu tahi asibiti."

Ta ture kwanon tuwon can gefe, ta zauna a ƙasa, ta ɗora ƙafar ƙaton ɗanta a cinyarta. Ta riƙe ta da hannu biyu har mai keken ya iso.