Hayaƙi a Tagar Fada

Naila tana suyar awara a Samaru, a jikin bangon wani shagon yogot. Mai shagon ya ɗauko Shekari, mai zanen allunan talla daga unguwar PZ, ya ce ya zana masa a bangon birnin da babu irinsa a duniya, don yara su riƙa tsayawa kallo.

Shekari ya fara da unguwar gwamnati: ofisoshi masu dogayen ƙafafu kamar na raƙumi, da kotu rataye a jikin gajimare. Can sama ya ɗora fadar sarki, shuɗiya, da babbar taga wadda ya bari ba kowa. Shi ba ya ƙirƙirar fuska, ta mutanen layi yake ara. Mai faci ya zama alƙali. Mai shayi ya zama minista, har ya daina amsa sunansa na yanka.

Naila ba ta taɓa tambayar wa za a sa a tagar ba. Sai dai kullum takan ƙara masa awara a kan wadda ya saya, ta zauna ta gefen da haske ke dukan fuskarta.

Ran nan ta iso da kaskonta ta tarar an cike tagar. Oluoma ce, mai kawo burodi daga Sabon Gari, har da wushiryarta. Sai da Naila ta duba sosai ta gano kanta a ƙofar ofishin haraji, an zano ta ta baya, tana fifita wuta.

"Kin ga kanki, ƙanwata?" in ji Shekari yana dariya. "Ke ke ciyar da gwamnati."

Ta ce ta gani, an gode.

Washegari ta ja murhunta zuwa ƙarƙashin fadar, ta ce iska ke damunta. Ta bar gawayi, ta koma ɗanyen itace. Ba a daɗe ba sarauniyar da ke tagar ta yi baƙi ƙirin da hayaƙi, haƙoran ma ba a gani.

Mai shagon ya yi ta faɗa, ya kira Shekari ya gyara. Shekari ya ce ba ya zana fuska da ka, sai mai ita tana zaune a gabansa. Aka nemi abin zama, babu na kusa sai bencin Naila.

Oluoma ta zo da yamma tana ƙamshin turare, ta zauna a kai, Shekari ya kama haɓarta ya juya ta wajen haske.

"Sista, zuba mana awara, a faranti ɗaya," in ji Oluoma.

Naila ta sunkuya tana hura itacen, idanunta na ruwa.